Allurar da Kawu ya yarda da ita, da wadda ya guje wa

Kawuna tela ne, ƙanin mahaifiyata, sama da shekara 40 yana kan keke, kuma duk unguwa an san shi da abu ɗaya, ko magariba ta yi an ɗauke wuta zai zura zare a kafar allura ba tare da ya ko sunkuya ba. Toh shi ne fa aka wayi gari yana kiran jikoki su zo su zura masa zare. Da farko kowa ya ce ai tsufa ne, mutum ya haura 70 me kuma ake jira, aka sayo masa gilashin karatu irin na bakin kasuwa wanda ake gwadawa ɗaya bayan ɗaya har a dace. Bai yi ba. Daga baya ya fara wata magana da ta ba mu dariya a lokacin, Allah ya yafe mana, wai ƙofar shagonsa ta karkace a kira kafinta. Ƙofa kuwa lafiyarta ƙalau. Sai kuma ya ce in ya kalli mutum yana ganin hula yana ganin riga, amma wajen hanci da idanu kamar an shafa toka.

Babban ɗansa yana zuwa Gwanzu ta Chaina sarin kaya, shi ne ya dawo da kwalaye, wani shayi mai jajayen 'ya'ya kamar zabibi da busasshen fure, da wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da ake haɗiya da yawa lokaci guda. Bayan nan aka ji labarin wani waje a cikin gari da ake tsira wa mutum siraran allurai irin na 'yan Chaina, akufanca, mai wajen ya ce a can ya koyo. Kawu ya fara zuwa. Ana tsira masa a hannu, a ƙafa, a goshi, wani lokaci har gefen ido, ya kwanta minti 30 ya tashi, kuma wallahi duk ranar da ya je yakan dawo da fara'a ya ce yau kam gari ya ɗan washe. Wata takwas aka yi a haka. Kuɗin da aka kashe ya isa a sayi keken ɗinki biyu sababbi.

Ni ban da faɗa da maganin 'yan Chaina, gara in faɗa tun yanzu kafin a ce an biya ni. Abin da nake faɗa da shi shi ne wata takwas ɗin nan.

Ranar da a ƙarshe muka lallaɓa shi muka kai shi asibitin ido, aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, aka ɗauki hoton bayan idon da na'ura, likita ya juyo mana da allon kwamfutar. Ya ce can a bayan ido akwai wata 'yar fatar da haske ke sauka a kai, ita ce ke gani, kuma a tsakiyarta akwai wani ɗan wuri da bai wuce milimita biyar da ɗoriya ba, ana kiransa makula. Da shi kake karatu, da shi kake gane fuska, da shi tela ke ganin kafar allura. Sauran fatar kuwa ganin gefe take ba ka, shi ya sa mai ciwon lalacewar makula irin na Kawu zai iya yawo a gida bai buge komai ba amma ya kasa gane wanda ya shigo sai ya yi magana. Mutane ma har zarginsa suke wai yana gani iskanci ne kawai.

Ciwon iri biyu ne. Akwai busasshe, shi ya fi yawa, kusan 9 cikin 10, yana cin wajen a hankali cikin shekaru. Akwai kuma mai ruwa, inda wasu jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa a ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini, wajen ya kumbura, shi ya sa layin da yake miƙe sai ka gan shi a lanƙwashe. Ƙofar Kawu kenan da muke ta dariya. Wannan na biyun ba ya jira, cikin makonni ko watanni zai iya cinye tsakiyar gani, in aka bar shi sai wajen ya zama tabo, tabo kuwa ba a goge shi. Idon Kawu na dama ya riga ya yi tabo. Na hagu ya fara yoyo amma da saura. Likitan bai yi mana faɗa ba, kawai ya tambaya, "Baba, tun yaushe ka fara ganin abu a karkace?" Da ya ji amsa sai ya yi shiru ya ci gaba da rubutu, wannan shirun ya fi min zagi zafi.

Maganin na mai ruwan allura ne, kuma a cikin ido ake yin ta, cikin ƙwayar idon kanta, bayan an kashe zafin wajen da maganin ɗigawa. Kawu na jin haka ya miƙe zai tafi. Mutumin da ya yi wata takwas ana tsira masa allurai ashirin ashirin a jiki, yanzu guda ɗaya ta sa shi neman takalmi. Ban ga laifinsa ba, ido ne, ko ni da aka faɗa sai da tsigar jikina ta tashi.

To amma ga bambancin allurar nan da waccan, kuma a nan ne duk maganata take. Ita ta cikin idon an gwada ta ta hanyar da ba ta da daɗi ga mai sayarwa. Aka ɗebi marasa lafiya sama da 700, wasu aka yi musu allurar gaske, wasu aka danna musu sirinji marar allura a ido suna zaton an yi, ba wanda ya san nasa. Bayan shekara ɗaya, kusan 95 cikin 100 na masu ta gasken ganinsu bai yi mummunar faɗuwa ba, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen 62 ne kawai, sannan kusan ɗaya cikin uku na masu ta gasken ma ƙaruwa ganinsu ya yi har layi uku a allon gwaji. A 2006 Amurka ta amince da maganin, Lucentis sunansa. Kafin nan wani likitan ido a Miami ya riga ya fara gwada ɗan uwansa Avastin, maganin daji ne asali, daga baya gwamnatin Amurka ta sa aka gwada su biyun kafaɗa da kafaɗa aka ga kusan aiki ɗaya suke, alhali a lokacin Lucentis wajen dala 2000 ne allura guda, Avastin kuma wajen dala 50. Shi ya sa a ƙasashe irin namu Avastin ɗin aka fi yi. A Denmak an bi lissafi an ga tsakanin 2000 da 2010 yawan masu makancewa saboda wannan ciwon ya ragu da rabi, kuma yawancin raguwar bayan zuwan allurar ne.

Yanzu a kawo min irin wannan na akufanca a kan makula. Babu. Akwai rubuce-rubuce kam, da yawa ma, yawanci daga Chaina, mutum 40, mutum 60, mara lafiya ya san abin da ake masa, mai aunawa ya san wanda aka yi wa, a ƙarshe a ce kashi kaza sun samu sauƙi. Tun a 1998 wasu masu bincike a Landan suka tattara gwaje-gwajen akufanca na duniya suka duba ƙasar da kowanne ya fito, sai suka ga duk wanda ya fito daga Chaina da Japan da Hong Kong da Taiwan cewa yake ya yi aiki, ko ɗaya babu wanda ya ce bai yi ba. Kai ma ka san ɗalibin da bai taɓa faɗuwa ko tambaya ɗaya ba a rayuwarsa, ko dai waliyyi ne ko kuma shi ke yi wa kansa maki. Masu tace bincike na Cochrane ma da suka duba akufanca a kan hawan jinin ido, abin da suka ƙare da shi shi ne hujjar da ke akwai ba ta isa a yanke komai a kanta ba.

Wani zai ce min ai Turawa ne ba sa so. A'a, Turawan ma sun fi kowa saye. Tun 1971 da wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya yi tiyatar afendis a Beijin aka tsira masa allurai don rage ciwon bayan aiki ya koma ya rubuta, Amurkawa suka rungumi abin. A Denmak da Jamus da Amurka yanzu haka akwai wuraren kuɗi da aikinsu kenan akufancar ido, tsofaffi na hawa jirgi su je su yi mako ɗaya ko biyu ana tsira musu sau biyu a rana. Jamusawa ma har babban gwaji suka yi a kan ciwon baya da mutum sama da 1100, sakamakon ya fito a 2007, masu akufancar gaske wajen 48 cikin 100 suka ji sauƙi, masu magani da motsa jiki na asibiti 27 kawai. Kafin ka yi tafi, akwai rukuni na uku da aka tsira wa allurai sama-sama a wuraren da ba su ne na littafin ba, su kuma 44 suka ji sauƙi. Ma'ana kwanciyar, da kulawar, da taɓawar, da sa ran da mutum ya zo da shi, su ne suka yi yawancin aikin, ba wai an dace da wata ɓoyayyar hanya a jiki ba. Ga ciwon baya wannan ba laifi, ciwo abu ne da kai ke ji, in ka ce ya ragu to ya ragu, inshorar Jamus ma tana biya wa masu ciwon baya da na gwiwa. Amma jijiyar da ke yoyo a bayan ido ba ruwanta da ko hankalinka ya kwanta, yoyonta take.

To me ya sa Kawu ke dawowa ya ce gari ya washe? Ba ƙarya yake ba. Na farko ganin mai wannan ciwon dama yana hawa yana sauka, da safe daban da yamma daban, cikin haske daban cikin inuwa daban. Na biyu, a wajen kullum sai sun sa shi karanta allo ɗaya kafin a fara da bayan an gama, allon da ka kalla sau 50 ai ko rufe ido ka yi za ka kawo layin farko, balle Kawu da ya haddace awon rabin unguwa ba tare da littafi ba. Na uku kuma shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, mutum in tsakiyar ganinsa ta mutu a hankali yake koyon kallo ta gefe, ya ɗan karkata kai ya saci kallon abu, sai ya ji kamar ya samu ci gaba, alhali dabara ce ƙwaƙwalwarsa ta koya, ciwon na nan na cin gabansa. Ga kuma ido biyu, mai ɗan lafiyar yana rufa wa ɗayan asiri. Ba wanda ya taɓa ce masa rufe ɗaya ka duba da ɗaya.

Ka ga su 'yan Chainan a tsohon iliminsu na sama da shekara 2000 cewa suke ido tagar hanta ce, in mutum ya tsufa hanta da ƙoda suka yi rauni sai abincin ido ya ragu gani ya dushe, don haka sai a ƙarfafa hanta da ƙoda a buɗe hanyoyin da ƙarfin jiki ke bi. Baƙaƙen ƙwayoyin Kawu na wannan layin ne. Ni ba na raina wannan, mutane ne da suka zauna suka yi tunani a lokacin da ba wanda ya taɓa leƙa bayan idon mai rai, don na'urar leƙawar ma sai wajen 1851 aka ƙirƙiro ta a Jamus. Mu ma ai haka muke da namu, sanyi, zafi, shawara, maiƙo, kusan duk ciwo sai mun jingina shi da ɗaya. Sai dai wanda bai taɓa ganin makula ba ba zai iya bambance maka busasshe da mai ruwa ta hanyar taɓa jijiyar hannu da duba harshe ba, kuma bambancin nan shi ne komai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake sayar mana da abin da sunan ai haka 'yan Chaina ke yi shi ya sa tsofaffinsu ke gani garau. Je ka babban asibitin ido a Beijin ko Gwanzu da makula mai yoyo ka ga abin da za a yi maka. Allura za a yi maka a cikin ido. Har tasu suka ƙera, wani kamfani a birnin Chengdu ya yi conbercept, hukumarsu ta amince da shi a 2013, aikinsa ɗaya da su Lucentis. Wato mai kayan da kansa in idonsa ya fara yoyo sirinji yake nema, mu kuma nan an bar mu da shayi.

Akwai ma wani labari da ya kamata mu nan arewa mu ji shi da kyau. A 1975 Mao Zedong yana da shekara 81 yanar ido ta rufe masa gani har ya daina karatu, aka kira wani likita Tang Youzhi ya yi masa aiki da wata tsohuwar dabara da suke kira ture yana da allurar zinare, wadda ya gyara ta da ilimin zamani. Masu talla na son labarin nan, wai allura ta buɗe idon shugaba. Amma fa wannan ba akufanca ba ce, ƙarfe ne ake sa wa cikin ido a ture yanar daga gaban gani, irin dai aikin nan da masu yawo ƙauye-ƙauye ke yi wa tsofaffinmu a zaure. Kuma Chaina ta bar shi, yanzu yanar ake cirewa a sa gilashin roba a ciki kamar ko'ina. Mu ne ba mu bari ba. Babban binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin idanun da aka taɓa saboda yana, sama da 4 cikin 10 turewar gargajiya aka yi musu, kuma wajen 7 cikin 10 na waɗannan idanun a makance aka same su.

Kuma dai in ana maganar girmama maganin gargajiya, ba wanda ya girmama shi kamar Tu Youyou, wata mai bincike 'yar Chaina. Matar nan ta shiga tsofaffin littattafan kakanninta tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro, ta samu wani ganye ɗan uwan tazargade, ta gwada ya ƙi, ta koma ta sake karantawa ta gane zafin tafasawa ne ke kashe shi, ta canza hanya, ta gwada a kan dabbobi, ta sha da kanta, sannan aka ba marasa lafiya. Yau duk wanda ya sha Coartem ko ire-irensa a Kano ko Maraɗi aikinta yake sha, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Amma magunguna sama da 2000 ta tattara, ɗaruruwa aka gwada, ɗaya ne ya tsaya. Sauran fa? Su ma duk a littafin kakanni suke, su ma duk akwai wanda zai rantse ya warke da su.

Jajayen 'ya'yan nan na shayin Kawu, goji, su kam akwai 'yar magana a kansu kuma zan faɗe ta don adalci. Suna da wani sinadarin launi mai yawa da ake kira ziyazantin, kuma shi wannan launin yana cikin abin da ke taruwa a makula yana kare ta daga haske. A 2021 jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ba wasu mutane gram 28 sau biyar a mako na kwana 90, aka ga launin ya ƙaru a idonsu. Madalla. Amma duka-duka mutum 27 ne a binciken, kuma masu lafiyar ido ne, ba a nuna ya hana ciwo ba balle ya warkar. Abinci ne mai kyau, shikenan, kamar yadda alayyaho da zogale da gwaiduwar ƙwai ke da irin waɗannan sinadaran kuma ba sai an hau jirgi ba. Ko haɗin bitamin ɗin nan da cibiyar ido ta gwamnatin Amurka ta gwada a kan dubban mutane ta fitar da sakamako a 2001 ta sake gyarawa a 2013, iyakarsa ya rage haɗarin tsanantar ciwon da kamar kashi 25 cikin 100 ga wanda nasa ya kai matsakaici, ba ya dawo da abin da ya tafi. Sannan mai shan maganin tsinka jini warfarin ya yi hattara da goji, an samu waɗanda jini ya ɓalle musu.

Wannan ya kawo ni kan masu cewa ai ko bai yi magani ba ba zai cutar ba tunda ganye ne. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam wani wajen rage ƙiba ya ba mata haɗin ganyen Chaina, ashe an musanya wani saiwa da wani mai kama da shi a suna, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya daji ya kama su a hanyar fitsari. Ganye ne shi ma. Kwalin da ɗan Kawu ya kawo kuwa ko harafi ɗaya ba mu iya karantawa a jikinsa ba. Ko waɗanda ake sayarwa a nan masu lambar NAFDAC, duba jikin kwalin da kyau za ka ga an rubuta hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba, lambar ba shaidar yana aiki ba ce. Ita ma allurar gefen ido ba wasa ba ce, an rubuta lokutan da ta huda ƙwayar ido.

Amma duk wannan ƙarami ne a kan ɓata lokaci, musamman a wajenmu. Don gaskiya ciwon Kawu ba shi ne ya fi yawa a tsakaninmu ba, ya fi kama Turawa, duk da a duniya an ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 196 a 2020. Tsohon da ya ce maka idonsa ya yi hazo a Katsina ko Zinder, mafi yawa yana ce, ko hawan jinin ido, ko ciwon suga ya taɓa bayan idon, ko kuma gilashi kawai yake buƙata. Wancan binciken na Najeriya ya ce yana ita ce 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido wajen 17, kuma 84 cikin 100 na makantar gaba ɗaya abu ne da za a iya kaucewa ko a gyara. Yanzu ka ɗauki mai yana, aikin da bai kai awa ɗaya ba zai buɗe masa ido, ka zaunar da shi shekara yana shan shayi. Ko mai hawan jinin ido, wanda kullum jijiyar gani ke mutuwa ba ciwo ba ƙaiƙayi kuma abin da ya mutu ya mutu. Duk waɗannan sunansu ɗaya a bakin mai talla, raunin gani na tsufa, magani ɗaya kuɗi ɗaya.

Sai dai in na tsaya a kan masu allura kaɗai ban yi adalci ba. Me ya kai Kawu wajensu tun farko? A can ana ce masa sannu da zuwa Baba, a ba shi wajen kwanciya, a saurare shi minti 20 yana ba da labarin ɗinkin da ya yi wa wane da wane. A asibiti kuwa ka fito tun asuba ka karɓi kati, ka wuni a benci, a gan ka minti biyar, a ce ka dawo wata mai zuwa, kuma in busasshen ne ma a ce maka ba abin da za a yi sai haƙuri. Wanda ruwa ya ci ai ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuma gaskiya ne a kan busasshen likitancin zamani ma hannunsa gajere ne, allurai biyu da Amurka ta amince da su a 2023 rage gudun ciwon kawai suke ba sa ƙara gani, ɗaya daga cikinsu ma hukumar magunguna ta Turai ƙin amincewa ta yi. Amma "ba magani" daban, "ba abin yi" daban. Akwai barin sigari, wadda ita ce babbar abin da ke ƙara haɗarin ciwon cikin abubuwan da mutum ke da iko a kai. Akwai madubin ƙara girma, da fitila mai ƙarfi, da koya wa mutum kallo ta gefe da gangan. Akwai 'yar takardar nan mai layuka kamar ta littafin lissafi da ɗigo a tsakiya, ka manna a bango kullum ka rufe ido ɗaya ka duba, ranar da layi ya lanƙwashe ka san busasshe ya koma mai ruwa a cikin makon nan za ka ga likita ba bayan sallah ba. Wa ya taɓa faɗa mana wannan a rediyo? Amma tallan maganin da ke wanke ido tas kullum sai ka ji shi sau biyar kafin labaran rana.

Don haka ni matsayina, wanda ya je aka leƙa bayan idonsa aka faɗa masa sunan ciwonsa, yana bin abin da aka ce, sannan ya ce yana son ya je a tsira masa allurai a hannu da ƙafa don yana jin daɗin jikinsa kuma kuɗinsa ne, ba zan hana shi ba, in dai allurar sabuwa ce kuma a nisanci ido. Amma duk mai wajen da zai karɓi tsoho yana cewa layi na lanƙwashewa, ya kwantar da shi wata takwas bai taɓa ce masa je ka a duba bayan idon ba, wannan ko a Beijin ya yi karatu ya ci amana, kuma ya kamata hukuma ta riƙa tambayarsa. Muna da wuraren zuwa, cibiyar ido ta ƙasa na Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano tun zamanin Turawa, ga na Makka, ga asibitocin koyarwa. Layin da tsawo, na sani, na zauna a kai.

Kawu dai a ƙarshe ya yarda, ba don hujjojina ba, duk wannan surutun da na yi muku ko rabinsa bai saurara ba. Autarsa ce ta zauna gabansa ta ce Baba ni wace ce, ya yi ta karkata kai yana neman fuskarta, sai da ta yi dariya ya gane ta, daga nan ya ce a kai shi. An yi masa uku a jere wata-wata a idon hagu, yanzu ana ɗan ja tsakani, kuma duk zuwa sai mun yi karo-karo don ko mai arahar ba araha ba ce a aljihun tela. Na dama ya tafi. Da na hagun yana gane fuska, yana karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙi da madubi, ƙofar shago ta miƙe. Zare kam har yau jikoki ke zura masa.

Shayin bai daina sha ba, ya ce yana masa daɗi da safe, likita ya duba magungunansa ya ce ba komai ya sha. Rannan na same shi da kofin a hannu na ce Kawu har yanzu dai? Ya ce, "Kai ɗan nan ka cika magana, miƙo min almakashi."